Umrata da Yahudawan Malam

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tambaye ni, a islamiyya a tambaye ni, har mai kitsona sai da ta tsaya da kibiya a hannu ta ce, "Hajiya Binta, wai da gaske ne 'yan sanda sun kama Malam a Jidda?" Ba wanda ya kama shi, ko da yake akwai lokacin da na so a ce an kama shi ɗin in huta. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na gaya wa sai ta ƙara nata gishiri, shi ya sa na zauna na rubuta. Mai son ji ta karanta.

Ga wadda ba ta san maigidana ba, malamin tarihi ne a jami'a, yanzu ya yi ritaya. Abokansa sun zaɓi tarihin sarauta, ko na jihadi, ko na fataucin goro. Shi kuwa tun yana saurayi Yahudawa ya maƙale wa: waɗanda suka zauna a garuruwan Sahara, da waɗanda suke aiko da kaya daga Tarabulus suna sayen fata da gashin jimina a ƙasarmu, da waɗanda suka bar Yaman suka bazu a bakin Bahar Maliya. Ina suka fito, me ya tashe su, me suka ɗauka, me suka bari. Har harshensu na Ibraniyanci ya je ƙasar waje ya koyo. Mutum ne da ba ya rasa sahun gaba a masallaci, amma a unguwa "Malam na Yahudawa" ake ce masa, kuma ni ce mai shan kallon, ba shi ba. Na haifi 'ya'yana na aurar da su a gidan da ba a gama cin tuwo sai an ambaci wani Bayahude da ya mutu tun kafin a haifi kakata.

Bara idonsa ya fara rauni, ga ciwon suga ya sa shi gaba. Yara suka haɗa kai suka ce za su kai mu umra. Ya amsa nan take, ba gardama. A nan ya kamata in yi zargi, domin wannan mutum ko Zariya za a je biki sai an yi mako ana lallashinsa.

A filin jirgin Kano mun zauna har ƙafafuna suka kumbura. Aka ce jirgi ya kusa, aka ce yana hanya, aka ce ana duba shi. Wata tsohuwa kusa da ni ta kwance ƙullinta ta fara raba dambun nama, kafin a kira mu mun san sunayen jikokin juna. Sai da jirgi ya ɗaga, ya tabbatar ba ni da hanyar komawa gida, sannan Malam ya gyara zama ya ce, "Binta, idan mun gama ibada, akwai wata 'yar ziyara da za mu yi a Jidda."

Na ce, "Ziyarar wa? Wa muka sani a Jidda?"

Ashe wani tsohon ɗalibinsa ne ya ba shi labarin wata tsohuwa mai suna Hajja Kaltume. Iyayenta Hausawa ne da suka tafi hajji a ƙafa, aka haife ta a Musawwa, wani gari na bakin teku a ƙasar Eritriya, kuma wai ta yi ƙuruciyarta a gidan wasu Yahudawa 'yan Adan ta ƙasar Yaman. Ya ce a duk shekarun da ya yi yana wannan aiki, takardu kawai yake karantawa, bai taɓa zama da Bahaushen da ya ci abinci a kwano ɗaya da mutanen nan ba. Ya ce in ta mutu shi ke nan, in kuma idonsa ya riga ta tafiya, nan ma shi ke nan.

Na ce, "Wato umrar ma Yahudawa ka zo nema."

Ya ce, "Niyyata ta umra daban, wannan daban." Na juya na kalli taga.

A filin jirgin Jidda aka buɗe jakarsa. Ni ce na shirya jakar nan da hannuna, na sa magunguna da silifa da man zafi. Ban san lokacin da ya cusa wani ƙaton ƙamus na Ibraniyanci a ƙarƙashin tawul ba. Jami'in, wani saurayi mai gyararren gemu, ya ɗaga littafin yana juya shi sama da ƙasa, ya tambaya da Larabci ko mene ne wannan. Mutum mai hankali sai ya ce littafin karatu ne, ya yi shiru. Malam kuwa, yana tsaye cikin harami, kafaɗa a waje, hannu ɗaya riƙe da zanen ƙugu kada ya kwance, ya fara yi wa yaron nan bayani da Larabcin littafi a kan yadda harshen Yahudawa da na Larabawa suke 'yan uwan juna. Har misalai yake kawowa. Layi ya taru a bayanmu, wata mata 'yar Indunusiya tana dungurina da kekenta. Aka kira wani babba, shi ma Malam ya faro masa daga farko. Babban ya saurara kaɗan, ya dube ni, na ga tausayi a idonsa. Ya mayar da littafin cikin jaka ya ce, "Halas, ya Hajj. Yalla, yalla."

A Makka ba ni da ƙorafi. Abin da na gani da abin da na roƙa tsakanina da Ubangijina ne. Malam ya yi ɗawafi a hankali yana riƙe da gefen hijabina saboda ido, ya yi kuka a wurin da kowa ke kuka, kuma bai ambaci Bayahude ko ɗaya ba. Har na fara cewa ko addu'ata ta karɓu.

Muna komawa Jidda ya warware.

Masaukinmu a unguwar Sharafiyya yake, ɗaki da falo a wani bene da ake haya da kayansa. Na'urar sanyaya ɗakin tana ɗigar da ruwa cikin bokiti, in ka kashe ta kuma ka dahu, domin zafin Jidda ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙen zafi ne mai manne wa mutum kamar an shafa masa koko. Garin kuma a juye yake. Da hantsi, lokacin da a Kano kasuwa ta cika, nan tituna shiru, kantuna a rufe. Sai bayan la'asar mutane ke fitowa kamar an buɗe musu ƙofa. Da safe ba koko ba ƙosai, sai wani dafaffen wake da aka dama da mai, suna ce masa ful, a ci da faffaɗan burodi mai zafi. Ranar farko na raina shi, daga baya ni ke tura Malam layi. Gaisuwa kuwa ba su da lokacinta. Na tsaya ina tambayar mai gadin benen ya gida ya iyali ya gajiya, kafin in kai ga yara ya shige ɗakinsa.

Mun samu direba mai suna Idi, mutumin Damagaram, magidanci mai furfura a gemu, yana jan motar kafilinsa, wato Balaraben da ya tsaya masa ya zauna a ƙasar. Kowace magana sai ya fara da "bon", wato "to" da Faransanci. Kwatancen da aka ba Malam shi ne: unguwa kaza, bayan masallaci mai koren ƙofa, kusa da mai tsire. Da Idi ya ji sunan unguwar sai ya ce, "Bon, Alhaji, mu je ka gani da idonka."

Muka je. Ba masallaci, ba koren ƙofa, ba mai tsire. Fili ne fetal har iyakar ganin ido, sai tarin ƙasa da motocin gini. An rushe unguwar gaba ɗaya da makwabtanta, mutanen sun watse cikin gari, wasu an mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Idi ya nuna wani wuri da babu komai ya ce nan ne ɗakinsa na farko. Malam ya fita daga mota ya tsaya cikin rana yana kallon ƙasa. Na ce a raina to alhamdu lillahi, magana ta ƙare, gobe sai kasuwa in sayi tsarabar jikoki. Ya dawo ya zauna ya ce, "Kin ga abin da nake gaya miki. Haka ake tashin mutane. Yanzu dole mu same ta."

Idi ya ce in akwai inda za a san ta, to Bab Makka ne, wajen masu atamfa, domin duk wani Bahaushen Jidda sai ya bi ta nan. Washegari da yamma ya kai mu. Kasuwa ce cunkus, ƙamshin turare da na gasasshen nama da na kifi duk a haɗe. Na ji Hausa ta ko'ina, amma wata iri, rabinta Larabci. Tsirenmu ma yana nan da ƙuli-ƙulinsa, sai dai sun canza masa suna, Larabawa na layi a kansa. Muka shiga shagon wani dattijo da aka ce ya san kowa. Ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo shayi, mutane uku huɗu suna zaune ana hira.

Sai Malam ya zaro 'yar na'urarsa ta ɗaukar magana ya ajiye a kan atamfa, ya gyara tabarau, ya ce da muryar aji, "Ina neman wata mata da ta zauna da Yahudawa. Ina ne gidanta yanzu?"

Ban taɓa ganin shago ya watse da sauri haka ba. Wannan ya tuna bai yi salla ba, wancan waya ta kira shi. Mai shagon ya tattara kofunan shayin tun ba mu sha ba ya ce, "Wallahi ma a'rif, Alhaji. Ban san ta ba, ban taɓa ji ba." Ya shiga ninke atamfar da take a ninke.

A waje Idi ya ce, "Bon, Alhaji, ka yi haƙuri. Rabin mutanen nan ba su da iƙama, takardar zama ke nan. Ka zo da tabarau da na'ura kana tambayar gidan mutum, kuma ka haɗa da wancan suna. Ni ma da ban san ka ba da na gudu."

Malam ya ce ai tambaya ce ta ilimi. Na ce ilimin ya kai shi gida. Muka shiga wani shago, da wani, labari kuwa ya riga mu, duk inda muka doso sai a sunkuyar da kai. Ana cikin haka na ga Malam yana haɗa gumi, leɓensa na rawa. Ashe tun safe bai ci komai ba, ya sha magani ya fito. Sugansa ya faɗi. Na zaunar da shi a bakin wani shago da aka rufe, ina laluben dabino a jaka ina yi masa faɗa a lokaci guda.

Wata mata da ke zaune a ƙasa da tallan kuka da daddawa da yaji ta miƙo mini gorar zoɓo mai sanyi ta ce, "Ba shi wannan, ya ukhti, akwai sukari." Ya sha, ya dawo hayyacinsa. Ni kuwa na zauna kusa da ita, abin da ke cikina ya zubo. Na gaya mata yadda na baro gidana don ibada aka mayar da ni 'yar yawon kasuwa, da yadda mutumin nan zai kashe kansa a ƙasar mutane saboda wata tsohuwa 'yar Musawwa da ko tana raye ba mu sani ba. Tana ta dariya, ta ce nata mijin tattabaru ne suka ɗauke masa hankali. Can ta ce, "Wai Hajja Kaltume kike nufi? Ai ita ta yi mini wankan jego, ita ta yi wa 'ya'yana wanka duka. Tana unguwar Bani Malik wajen ɗanta tun da aka rushe mu." Ta dube ni da kyau, ta dubi Malam da ke zaune riƙe da gora kamar maraya, sannan ta ciro waya daga cikin hijabi.

Washegari Idi ya kai mu. Gidan yana can saman wani tsohon bene a Bani Malik, ba na'urar hawa, matakala ƙunci. Muna hawa muna hutawa. Ɗan nata, Abdurrahman, ya girme wa babban ɗanmu nesa, a Jidda aka haife shi, yana sanye da farar jallabiya. Ya shigar da mu falo ya zuba gahawa a wasu 'yan kofuna da ba su fi maƙurwa ɗaya ba. A gida da baƙo za a ba wannan sai ya ce an raina shi. Kana shanyewa kuma ya ƙara, sai da Idi ya raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi.

Hausarsa da nauyi take fita. Ya ce, "Ya Duktur, marhaba, kun zo gidanku. Lakin magana biyu. Ummi ba ta ganin maza. Kuma ba tasjil, ba a ɗaukar murya. Wannan magana ta Yahud mu ba ma son ta. 'Ya'yana a nan suke makaranta, a nan suke aiki. Hajiya ta shiga ta gaishe ta, halas."

Na ga fuskar Malam ta faɗi. Ya jawo ni gefe ya shiga zuba mini tambayoyi a kunne: in tambayi sunan maigidan, da sana'arsa, da irin abincinsu, da inda suke ibada, da yadda suke binne mamaci, da wane harshe suke yi wa yara faɗa. Na ce to, to. Kafin in kai ƙofar ɗakin duk sun zube.

Tana zaune a kan katifa a ƙasa, 'yar ƙarama kamar yarinya, idanun sun yi fari. Ta kama hannuna da nata biyu ta shafa har gwiwar hannu. Hausarta ta ba ni mamaki, irin ta kakata ce, ba gauraye. Ta tambaye ni ko har yanzu ana rini a Kano, ko ana cin ɗanwake, domin uwarta ta sha ba ta labari, ita ba ta taɓa zuwa ba. Ban yi mata tambaya ko ɗaya ba. Ita ta fara da kanta.

Ta ce iyayenta sun baro ƙasar Rano da ƙafa, suna tafiya suna tsayawa noman auduga a Sudan, har suka kai Musawwa suna jiran jirgin ruwa. A nan aka haife ta, a nan uban ya rasu. Uwar ta shiga aikatau a gidan wani maƙerin azurfa Bayahude. Ita ke kunna musu wuta ranar Asabar, domin su ba sa taɓa wuta a ranar. Sai uwar ta kamu da agana, aka ɗauke ta aka kai bayan gari inda ake killace masu ciwon. Ba wanda ya yarda ya karɓi 'yar mai agana. Matar maƙerin, sunanta Mazal, ita ta ɗauke ta, ta yi mata wanka, ta kwantar da ita cikin 'ya'yanta.

Ta ce, "Ba ta taɓa cewa in yi addininsu ba. Kullum da safe sai ta ba ni gurasa ta ce tashi ki tafi wajen malaminku, kada uwarki ta dawo ta ce na lalata ki. In na yi kukan uwata da daddare, sai ta ɗora ni a cinya ta yi mini wata waƙa."

Uwar ta warke, suka haye teku zuwa Jidda, ba ta sake jin labarin Mazal ba. Ta girma ta zama mai wankan jego, kuma duk jaririn da ya shiga hannunta ya yi kuka, waƙar nan take yi masa. Ba ta san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Sai da Abdurrahman ya girma ya yi karatu, wata rana ya ji tana yi wa ɗansa, ya ce Ummi ki daina, ba ki san me kike faɗa ba, wataƙila shirka ce. Tun ranar ta daina.

Ta matse hannuna ta ce, "'Yata, jariran da na zuba wa waƙar nan a kunne ba su ƙirguwa. Uba ya yi musu kiran salla a kunne, ni kuma in biyo da wannan. In kafirci ne, me zan ce wa Allah? Ga shi na kusa. Na rasa wanda zan tambaya, a garin nan wa zan tara da wannan magana? Jiya aka ce mini mijinki yana jin harshensu. Ban yi barci ba."

Na tashi na koma falo. Ban san inda na samo bakin ba, a gidan mutane, a ƙasar mutane. Na ce wa Abdurrahman, "Ɗana, ba mu muke neman uwarka ba, ita ke neman mu. Kai ka sa mata wannan damuwa, kuma ba laifinka ba ne, tsoron Allah ne ya sa ka. To ga mai sani Allah ya kawo har falonka. Ka ajiye masa kujera a bakin ƙofa, labule na nan, na'ura kuma ga ta, riƙe a hannunka."

Ya daɗe yana juya kofi a hannu. Sannan ya tashi ya ɗauki kujerar da kansa.

Malam ya zauna a bayan labule, ni ina ciki riƙe da hannunta. Ta yi gyaran murya ta fara. Muryar siririya ce, tana rawa, waƙar kuma gajeriya, mai hawa da sauka kamar ana jijjiga goyo. Da ta kai ƙarshe Malam ya ce, "Hajja, ki ƙara." Ta ƙara. Ya sake cewa ta ƙara, a hankali.

Ya ce, "Hajja, wani sashen Ibraniyanci ne, wani Larabcin Yaman ne irin na da. Kalmomin sun goge a baki, kin ɗauke su kina yarinya. Abin da na gane shi ne, ana kiran Ubangiji Mai rahama, ana roƙon ya tsare yaron nan har gari ya waye. Sannan ana cewa wanda ya yi nisa, a mayar da shi gida."

Ta ce, "Ba gunki? Ba wanda aka haɗa da Allah?"

Ya ce, "A abin da na gane, babu. Akwai kalmomin da ban gane ba, waɗannan ba zan ce miki na sani ba."

Da labulen nan babu, da na mintsine shi. Tsohuwa na bakin kabari tana neman kalma ɗaya, ka ce mata babu mana, ka huta ta huta. Amma haka yake, ko na tambaye shi ko gishiri ya ji a miya sai ya ce a iya abin da ya ɗanɗana.

Hajja Kaltume ta saki hannuna ta share fuska da gefen mayafi. Ta ce, "Abin da ka gane ya ishe ni, Malam. Sauran Allah ya san da zuciyar da na yi." Sannan ta ce, "To ita Mazal ina ta tafi?"

Ya ce yawancin mutanensu sun bar Musawwa daga baya, wasu Isra'ila, wasu Ingila, amma ita kanta bai sani ba, kuma da wuya a sani.

Ta ce, "Wanda ya yi nisa a mayar da shi gida. Ashe ita ma gida take nema. Ni duk zamana na ɗauka su ne masu gida, mu ne baƙi."

Abdurrahman ya miƙe. Ya fita baranda ya daɗe, da ya dawo ya hana mu tafiya sai mun ci abinci. Aka kawo shinkafa irin tasu mai kaza a babban faranti, ga kuma tuwo da miyar kuka a gefe, duk a shimfiɗa ɗaya. Ya miƙa wa Malam na'urarsa a bakin matakala, ba a ɗauki komai da ita ba.

A mota Malam ya yi tsit har muka kusa Sharafiyya. Ina cewa abin ne ya taɓa shi, har na ɗora hannuna a kan nasa. Sai ya ce, "Binta, kin tambaye ta sunan maƙerin?"

Na ce ban tambaya ba.

"Inda suke ibada fa?"

Na janye hannuna. Idi ya ce, "Bon," ya ƙara wa rediyo murya.

Tsarabar jikoki a gurguje na yi ta, rabin abin da na so ban samu ba, jallabiyar da na saya wa babban jikana ma ta yi masa kaɗan. Muka dawo Kano, Malam ya zaunar da ni kullum bayan karin kumallo in maimaita masa abin da tsohuwar ta faɗa, yana rubutawa da manyan baƙaƙe saboda ido. In na canza kalma ya ce jiya ba haka na ce ba.

Ana nan sai ga saƙon murya a wayata daga wata lamba ta Saudiyya. Abdurrahman ne. Ya ce, "Hajiya, salam. An yi mana haihuwa, 'yar ɗana. Wannan naki ne da Duktur." Na kai wa Malam muka saurara tare. Da farko kukan jaririya ne, sai muryar Hajja Kaltume ta shigo da waƙar, kukan ya yi ta raguwa. Wajen ƙarshe numfashinta ya gaza, sai wata murya ta namiji, mai kauri, ba daɗi, ta ɗauka daga inda ta tsaya ta kai ta ƙarshe.

Malam ya ce, "Wa ke amsa mata?"

Na ce, "Ɗan nata ne, Abdurrahman."

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Can ya ce, "Kin ji kalmar nan da ta gagare ni ta fi fita a bakinsa. Kira shi ki ce ya maimaita a hankali."

Na ce ya sha maganinsa tukuna.